Wutar Fanka

Shekarun baya, lokacin ina zaune a unguwar Hindawiyya a Makka, tun gwiwata ba ta fara gardama da matakala ba, akwai wani tsoho maƙwabcina da ya yi wata guda cur bai yi min Hausa ba. Larabci kawai. Wanda bai san zaman Makka ba zai ce to mene ne a ciki, ai garin Larabawa ne. Ku dai gyara zama.

Ni karatu ne ya kawo ni garin. Karatun ya duba ya ga ba zai iya da ni ba, ya sallame ni cikin mutunci, na koma yi wa alhazai jagora da ɗan sayar da turare a unguwar Mansur. Kafin nan kuwa na sha yawo. Na yi Legas, na yi Kwatano, na yi Sudan, na yi Masar. Duk inda na sauka sai na taho da labari, in kuma labarin ya zo da gajeren wando sai in ƙara masa yadi. Wannan halin nawa ba ɓoyayye ba ne, ku ma da kuke karantawa kun san shi.

Tsohon nan mahaifin abokina ne. Abokin nawa direban tasi ne, sa'ana, a Makka aka haife shi, a Makka aka haifi uban. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Zamfara a ƙafa, ya yi shekaru a hanya, ya iso ya sauke farali, bai koma ba. Shi Baba, haka nake kiransa, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Amma Hausarsa sai wanda ya ji. Ita ce dai wadda mahaifinsa ya zo da ita a baki, aka ninke ta aka ajiye a gida kamar tsohon saƙi a adaka. Ba ta san rediyo ba, ba ta san boko ba. Mota a wurinsa sayyara ce, asibiti mustashfa, amma in ya tashi faɗa maka maganar zuci sai ka ji kalmar da rabonka da ita tun kakarka na da rai.

Da ƙuruciyarsa ɗan garuwa ne. Kafin famfo ya shiga gidajen Makka, shi da ire-irensa ne ke hawa tudun unguwanni da garwa biyu a sanda. Har ya tsufa kantar tana nan a kafaɗarsa, kuma ba ya jin nauyin nuna ta.

Matarsa ta riga shi rasuwa. 'Ya'yansa suna jin Hausa amma da Larabci suke mayar masa. Jikoki kuwa in ya ce zo nan, sai su tsaya suna kallon bakinsa. Saboda haka da Allah ya haɗa mu maƙwabtaka, sai ya riƙe ni kamar wanda ya tsinci rijiya. Kullum bayan la'asar zai sa a shimfiɗa masa darduma a ƙofar gida, ga butar shayi da na'ana'a, ya ɗaga murya ya ce, "Bakano, taho ka yi muna ƙarya mu sha shayi da ita." Ni kuma da na rasa mahaifi tun ina saurayi, sai na samu inda zan riƙa durƙusawa.

Wata la'asar muna zaune, a tsakiyar zafi, mahaifiyata ta kira daga Kano. Taransifomar unguwarsu ta ƙone, an kwana goma ba labari. Tsohuwa ce, ga hawan jini, zafi ba ya barin ta runtsa. Wayar ma sai an kai mata shago an yi caji, shi ya sa take magana da sauri kamar ana korar ta. Tausayi ya kama ni. Na ce, "Sannu Hajiya. Allah ya kawo muku wuta. Allah ya kawo ta da gaggawa, in ta zo ya zaunar da ita, kada ta ɗauke. Wallahi kullum na shiga Harami sai na roƙa miki ita."

Ta ce amin, ta sa min albarka, amma wannan ni kaɗai na ji a kunnena.

Na ajiye waya na juyo zan ɗora labarin da nake bayarwa, sai na ga Baba ya dire kofinsa.

Ya ce, "Da wa kaka magana?"

Na ce, "Mahaifiyata ce, Baba."

"Uwakka da ta haihe ka?"

Na ce ita fa.

Ya yi istigfari sau uku a hankali. Sannan ya dafa bango ya miƙe, ya ce min sai an jima da Larabci, ya haɗa da "ya ustaz", ya shige gida. Shayin ma bai shanye ba.

Washegari ba darduma. Jibi ba darduma. Na tare shi a hanyar masallaci na gaishe shi, ya amsa da Larabci tsaf, irin wanda ake yi wa baƙon da aka haɗu da shi a layin ofis. A sahu in na tsaya kusa da shi sai ya sami dalilin matsawa. Maiɗakina ta yi tuwo da miyar kuka, abin da in ya gani har waƙa yake yi, aka kai masa. Kwanon ya dawo yadda ya tafi, ko murfin ba a ɗaga ba. Na zauna ina lissafa ƙaryace-ƙaryacena ɗaya bayan ɗaya, ina neman wadda ta yi masa nauyi. Na fi zargin ta kadan da na ce ya bi ni har cikin kasuwa a Sudan.

Sai da aka yi mako abokina ya ɗauke ni a tasinsa, ya yi ta zagaye da ni har Rusaifa, sannan ya gangara gefen titi ya kashe mota. Da Hausarsa mai rabi da rabi ya ce, "Ya akhi, mene ne tsakaninka da walda?"

Na ce, "Mahaifiyata? Lafiya lau. Me ya faru?"

Ya ce, "Abuya ya ce ya ji da kunnensa kana roƙa mata wuta. Jahannama. Ka ce ta zo da sauri, ta zauna kada ta tafi. Kuma ka ce a gaban Ka'aba kake roƙo."

Na yi dariya har na kwanta a kujera. Na yi har da hawaye. Sai kuma na daina dariyar, don na tuna fuskarsa lokacin da ya dire kofin nan. Mako guda ke nan tsoho yana kwana yana tashi da cewa yaron da ya ɗauka ɗa, wanda suke cin abinci kwano ɗaya, yana zuwa Ɗakin Allah yana roƙa wa uwarsa azaba.

Abokina ya ce, "Ni na ce masa wataƙila kahraba kake nufi, na taɓa jin alhazai suna faɗa a mota. Ya ce in rufe baki, wai goyon bayanka nake yi."

Kahraba ita ce wutar lantarki da Larabci. Mahaifin Baba ya baro gida tun ba a san ta ba, saboda haka a Hausar da ya gada babu gurbinta.

Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Ashe ban san da wa nake ba.

Na same shi a falo na durƙusa na yi bayani tiryan-tiryan. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya amsa, duk da Larabci, kalmar wuta kaɗai yake bari da Hausa, yana ɗauko ta a hankali kamar garwashi. Ya ce kahraba tana da sunanta. Ya ce ubansa ne ya koya masa Hausa, kuma wuta biyu ya sani, ta murhu da ta lahira. Wacce a ciki na roƙa wa tsohuwa?

Na je na ɗauko ɗalibai biyu 'yan ƙasarmu, masu gemu da natsuwa, suka ba da shaida. Ya tambaye su ko ba su ne ke cin shinkafa a gidana ranar Juma'a ba. Suka ce su ne. Ya ce to.

Na ce bari in kira ita Hajiyar, ya ji daga bakinta. Ya ɗaga hannu. Ya ce uwa ko ka yanke ta da wuƙa, in aka tambaye ta cewa za ta yi ita ta faɗa a kai. Ya ce kada in ƙara mata da sa ta yin ƙarya.

A nan ne ya kamata in yi shiru in bar wa Allah. Amma bakin da ya saba ba ya jin birki. Na ce, "Baba, wutar nan fa a can har daga ruwa ake samo ta. A datse kogi tsakanin duwatsu, ruwa ya faɗo da ƙarfi ya juya inji, wuta ta fito ta bi waya ta shiga gari. Na gani da idona a Kainji. Na gani a Masar."

Ya juya ya kalli ɗansa. Ya ce, yanzu kuma ruwa ne ke haihuwar wuta. Ya janye wuyan jallabiyarsa ya nuna min kantar nan. Ya ce ya ɗauki ruwa a nan tun kafin a yi tunanin haihuwata, bai taɓa ƙona shi ba. Ruwa kashe wuta yake yi, kahraba kuma daga fetur take, yaron goye ma ya sani. Sai ya ce, amma ba komai. In nuna masa ruwan da ke haihuwar wuta. In ya ga wannan, ya yarda da sauran.

Na ce an gama. Na taɓa jin wani yana cewa akwai madatsar ruwa a can saman duwatsun Ɗa'if, su suna ce mata sadd. Ban taɓa zuwa ba, ban kuma tambayi kowa ba. A lissafina, duk inda mutum ya sha wahalar datse ruwa, wuta yake nema. Mutumin da ya ga Kainji ya ga Masar, sai ya manta da madatsar Tiga da ke bayan gidansu, wadda a lokacin shinkafa da tumatir take ba mu.

Muka sa rana. Kafin ranar ta zo an ƙara kusan mako uku, don abokina sai ya sami hutu, kuma duk tsawon lokacin nan ba darduma.

Da sassafe muka kama hanya, Baba a gaba da carbinsa, ni a baya kamar wanda za a kai kotu. Wanda ya taɓa hawa hanyar Hada ya san ta. Titi ne da aka naɗa a jikin dutse kamar rawani, ka yi kwana ka sake kwana, in ka leƙa ƙasa ka ga motocin da ke bayanka sun zama ƙwari. Kunne ya toshe. Zafin Makka ya riƙa saɓulewa daga jikinmu, har abokina ya kashe na'urar sanyi ya sauke gilashi. Ni kuwa ina baya ina ta lacca. Na ce tun daga nesa za ku fara jin rugugi kamar hadari. Na ce za ku ga turaku na ƙarfe sun fi hasumiya tsawo. Na ce ƙasa har rawa take a ƙarƙashin ƙafar mutum. 

Can sama muka tsaya Baba ya miƙe ƙafa. Wurin cike yake da birai, sun jeru a kan katangar titi kamar masu jiran rabon zakka. Baba na riƙe da ledar gurasa. Wani ƙaton biri ya zo a natse, ya karɓe ta kamar dama aikensa aka yi, ya haye dutse. Sai na ji Baba ya ce, "Kai ɓarawon banza, Allah ya isa. Ko kunyar hurhura ba ka ji?"

Da Hausa. Hausa garau.

Na ce a raina, yau ga biri ya samu abin da na rasa. Na matso ina murmushi ko zan samu ragowa. Ya dube ni ya ce mu tafi, da Larabci.

Muka wuce Ɗa'if, muka sayi rumman da inabi a bakin hanya, muka yi tambaya wajen sau huɗu. Hanya ta ƙanƙance ta riƙa hawa tsakanin gonaki da duwatsu. Wajen azahar muka iso.

Abin da ya fara dukana shi ne shirun. Ba rugugi. Kukan akuya kawai, da iska.

Madatsar dai tana nan, kuma ba ƙarama ba ce. Katangar kankare ce doguwa da aka cusa tsakanin duwatsu biyu, in ka tsaya a kanta ka leƙa sai jiri ya ɗebe ka. Amma bayanta, inda na yi alkawarin teku, wani ɗan tafki ne kore a can ƙasa, kewaye da laka da ta bushe ta tsattsage. Awaki na kiwo a inda ya kamata a ce kifi ne ke iyo. Ba turaku. Ba inji.

Na ce wataƙila injinan a ƙarƙashin ƙasa suke, haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba.

Akwai ɗan ɗaki a gefe, mai gadi ya fito, wani dattijo siriri mai fara'a. Muka gaisa. Na gyara murya na ɗauko Larabcina na ranar salla na tambaye shi ina injinan suke.

Ya ce, wane inji?

Na ce na kahraba.

Ya dube ni, ya dubi tafkin, ya yi dariya har ya riƙe ƙugu. Ya ce wannan sadd ɗin don ambaliya aka gina shi. In an yi ruwa a kan duwatsu yakan gangaro a haukace ya share gonaki, shi ne ake tare shi a nan, a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, sauran ya nutse ya cika rijiyoyin manoma. Ya ce, kahraba kuwa, ga tawa can. Ya nuna bayan ɗakinsa. Wani ɗan janareta ne, da jarkar fetur a jingine kusa da shi.

Baba ya daɗe yana kallon jarkar nan.

Da ya yi min dariya da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya kama hannun ɗansa suka taka a hankali har tsakiyar katangar, ya tsaya yana kallon ɗan ruwan. Na ji yana gaya wa ɗan cewa wannan da muke rainawa, a zamaninsu zai shayar da unguwa guda har shekara ta zagayo, kuma da kafaɗa za a kwashe shi.

Mai gadi ya ba mu ruwa muka yi alwala, muka yi salla a inuwar wata bishiya, ya kawo mana tabarma. Abokina ya tafi ɗauko 'ya'yan itacen a mota. Muka rage ni da Baba. Bai dube ni ba. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, har yanzu da Larabci. Ya ce shi bai hawo dutsen nan don ya ga wuta ba, ya san babu. Ya ce ya ga hanyar da nisa ne, ya ce wataƙila a wata kwana Allah zai taɓa zuciyata in tuba, ba a gaban mutanen unguwa ba. Ya ce ranar da tasa uwar ta rasu yana can yana hawa tudu da garwa, kafin ya sauke an rufe mata fuska. Ya ce da za a ce ya ba da idonsa biyu ya ji muryarta sau ɗaya, da ya bayar. Ni kuwa tawa tana kira na a aljihu.

Na buɗe baki. Karo na farko a rayuwata na nemi magana na rasa. Duk abin da zan faɗa na riga na faɗa, kuma dutse guda ya ƙaryata ni.

Abokina ya dawo, muka zauna muna fasa rumman. Hannuna duk ya yi ja ya yi danƙo. Sai wayata ta ɗauki ƙara a kan tabarma. Abokina ya leƙa ya ga sunan da ke kai. Ya dube ni, ya dubi ubansa. Bai tambaye ni ba, ya danna ya buɗe sifika ya ajiye ta a tsakiyarmu.

Hajiya ko sallamar ba ta ƙarasa ba.

"Kai, addu'arka ta ci. An kawo wuta! Tun jiya da la'asar, har yanzu ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na yi barci har yaran nan na cewa na yi minshari. Don Allah kada ka fasa roƙon nan a Harami, ka ji ko? Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Tsaya ka ji fankar."

Sai ta kai wayar kusa da fanka.  Mu uku, da mai gadi da bai san me ake ciki ba, a ƙololuwar dutse a ƙasar Hijaz, muna sauraron wata tsohuwar fanka tana ƙiƙi-ƙaƙa a Kano.

Baba ya goge hannunsa a jikin jallabiya. Ya miƙo hannu biyu ya ɗauki wayar kamar ƙwai.

Ya ce, "Salamu alaikum, baiwar Allah."

Ta ce, "Wa alaikumus salam. Wa ke magana?"

Na ce, "Hajiya, Baba ne, maƙwabcina da nake ba ki labari."

Nan da nan muryarta ta sauya. "Au, Alhaji, ina wuni. Ya ibada, ya ɗawainiya da yaron nan? Allah ya saka da alheri."

Ya amsa gaisuwar. Sannan ya ce, "Hajiya, tambaya gare ni. Wutag ga da anka kawo muku, tana ƙuna?"

Ta ce, "To, in mutum ya taɓa wayarta da jiƙaƙƙen hannu zai ji a jikinsa. Amma ai ita ke juya fanka, ita ke sanyaya ruwa."

"Wuta ta sanyaya ruwa."

"Ƙwarai kuwa. Har ƙanƙara take yi."

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ashe bayan ubana ya baro ku, lalata Hausa kunka yi."

Hajiya ta yi dariya har da tari. Da ta lafa ta ce, "Alhaji, wannan harshen naka ai na mutanen yamma ne. Haka kakata take magana, Allah ya jiƙanta. Wane gari ne naku?"

Ya faɗi sunan garin mahaifinsa. A yadda ya faɗe shi ka san ya daɗe bai sami wanda zai faɗa wa ba.

Ta ce ta san shi. Ta ce ƙanwar mahaifiyarta a kusa da nan ta yi aure, an taɓa kai ta tana yarinya. Ta ce akwai gulbi a gabas da garin, da damina sai an ɗora mutum a kan ƙaton gora ake ƙetarar da shi, kuma akwai tsamiyoyi a bakin mashigin.

Baba ya ce, "Gulbin shina nan?"

Ta ce, "Yana nan mana, Alhaji. Ina za shi?"

Ya kama gefen mayafin kansa ya goge ido. Ya ce mahaifinsa har ya koma ga Allah yana zancen tsamiyoyin nan, shi kuma wani lokaci yakan ɗauka ko kewa ce ta shuka su.

Suka yi ta hira. Na ce Hajiya kada cajinki ya ƙare, ta ce yau ba ta tsoron caji, in ba su wuri. Can wajen ƙarshe na ji ya ce mata, "Ɗanki yaron kirki na. Sai dai ƙarya."

Ta ce, "Wannan kam gado ne, Alhaji. Ubansa ma in ya je kasuwa ya dawo sai ka ɗauka daga yaƙi yake."

Bai gaya mata abin da ya zarge ni da shi ba. Har yau ban gaya mata ba ni ma.

Ya miƙo min wayar. Ya ce, "Bakano."

Wata guda rabona da sunan nan.

"Na ɗauki alhakinka. Ka yahe man."

Na ce, "Haba Baba," na sunkuyar da kai, don abin da ke idona ba na rumman ba ne. Ya dafa kaina. Muka ɗan jima a haka. Sannan ya ɗauke hannun ya nuna tafkin da shi.

Ya ce, "Amma ruwa ba ya haihuwar wuta. Wanga kam ƙarya ta, ga shaida."

Wannan shari'ar ban taɓa cin ta ba. Daga baya na nuna masa hotuna masu motsi a waya, ruwa na zubowa, injina na juyawa. Ya ce ai su masu silima ba abin da ba sa haɗawa.

Darduma ta dawo ƙofar gida. In Hajiya ta kira da la'asar, kafin in gama gaisuwa ya miƙo hannu, ni sai dai in zauna in riƙa zuba shayi suna zagaya ƙasar Zamfara su biyu. Amma abu ɗaya ya gagare shi. Bakinsa bai taɓa yarda ya roƙa wa mutum kalmar nan tsirara ba. In ta ce an ɗauke, sai ya yi jim, ya ce, "Allah shi kawo muku wutar fanka." Ya ce dole a bambance, kada mala'iku su rubuta wata.

Bayan 'yan shekaru ya rasu, aka yi masa salla a Harami, aka rufe shi a garin da ya shayar. Da na kira Hajiya na gaya mata, sai ta ce Allah ya sanyaya masa makwanci, kamar yadda ya yi ta roƙa mata sanyi.

Na sha ba da labarin nan a majalisa don a yi dariya, kuma ana yi, musamman wurin biri da wurin jarkar fetur. Amma in ni kaɗai ne ba nan nake tsayawa ba. Ina tuna cewa mutumin nan ya yi imani har zuciyarsa cewa na aikata abu mafi muni da ɗa zai yi wa uwa, kuma ban da ɗansa bai gaya wa kowa a unguwa ba. Bai tsine min ba. Ya hana ni abu mafi tsada da yake da shi, ya hana kansa tare da ni, don in bai yi Hausa da ni ba, ba shi da wanda zai yi da shi. Sannan ya ɗauki tsofaffin ƙafafunsa ya hau dutse, yana sane ba abin da zai gani, don kawai ya ba ni wurin tuba inda ba idon mutane. Na ga madatsu manya a yawona, waɗanda ke haskaka birane. Wadda na fi tunawa ita ce wannan da ba ta kunna ko fitila ɗaya ba.

Ni ma tun daga lokacin bakina ya ƙi kalmar. Kwanan baya Hajiya ta kira, muryarta ta ƙara tsufa, ta ce sun sake ɗaukewa, kwana uku ke nan. Na ce, "Sannu Hajiya. Allah ya kawo wutar fanka."

Ta ce, "Amin. Allah ya jiƙan mai maganar."